An gayyace ni wata magangarar ruwa a Bali wadda masu wurin ke ɗauka mai tsarki, in tahi ko in haƙura?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, ina gaida manya da ƙanana. Shawara nike nema don abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. In Allah Ya yarda bayan salla zan raka ubangidana Jakarta ta ƙasar Indunusiya sarin kaya a kasuwar Tanah Abang, to mutumin da muke sayen yadi hannunshi ya ce in mun ƙare lodi zai kai mu tsibirin Bali mu huta kwana uku, shi musulmi ne amma matarshi 'yar can ce. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp na wani wuri cikin kurmi, ruwa na zubowa daga bisa dutse, ko'ina kore shar, wallahi na kalle shi ya fi sau ashirin. Ni da na tashi ban san wani ruwa ba sai gulbinmu da ke zuwa da damina ya ƙafe da rani, kun san yadda abin zai kama ni.

Amma cikin bidiyon na ga mutane da fararen kaya suna ɗaga hannu bisa goshi, ga hayaƙin turare, ga wasu 'yan kwanduna na ganye da furanni an jera bakin ruwan. Da na tambaye shi sai ya ce ai wurin mai tsarki ne ga mutanen Bali, nan suke zuwa wankan tsarki na addininsu. Nan jikina ya yi sanyi. Ina son in ga ikon Allah da idona, kuma ba ni son in taka abin da zai taɓa mini imani, kuma ba ni son in je in yi ma mutane rashin ladabi a wurinsu cikin rashin sani. Wanda ya taɓa zuwa ko ya san wani abu don Allah ya taimaka mini. Mi ake yi a wurin? Baƙo na iya tsayawa gefe ya kalla kawai ko dole sai ya shiga?

Mai Atamfa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta yi kyau ƙwarai, kuma ta zo inda ya dace don ni na je, sau biyu ma, kuma hanyar da za ka bi ita na bi, daga Jakarta jirgi bai cika awa biyu ba ya sauke mu filin Ngurah Rai kusa da Denpasar, babban birnin Bali.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne Indunusiya ƙasar musulmi ce mai jama'a fiye da miliyan 270, amma Bali daban take, cikin mutum sama da miliyan 4 da ke tsibirin kusan kashi 87 cikin ɗari 'yan Hindu ne. Kuma Hindu ɗinsu ya ɗan bambanta da na Indiya, ruwa ne ƙashin bayan ibadarsu, har da can ana ce ma addinin nasu Agama Tirta, wato addinin ruwa mai tsarki. Ba a suna, ba a aure, ba a ƙona gawa sai da ruwan nan. Shi ya sa duk inda ido ya ɓulɓulo ko ruwa ya gangaro daga dutse, da wuya ba ka ga an kafa ɗan wurin bauta ba a gefenshi.

Inda anka kai ni sunan ƙauyen Sebatu, arewa da garin Ubud, cikin yankin Gianyar, ka wuce gonakin shinkafar nan na Tegallalang masu hawa-hawa kamar matakala. Mota na tsayawa bisa, sauran da ƙafa ne. Matakalai ne na siminti da dutse suna ta gangarawa cikin kwazazzabo, ban ƙirga su ba amma gwiwata ta gaya mini suna da yawa, duk sun yi gansakuka, santsi kamar an zuba kuɓewa. Tun kana bisa rana na dukanka, kana sauka kana jin iska na canzawa, zafin na raguwa, sai wani sanyi mai laima ya taso maka daga ƙasa, gora ta haɗe bisa kai har ba ka ganin sama sosai. Ƙarar ruwan kake fara ji tun ba ka gan shi ba, sannan ƙamshin turaren tsinke. Da na iso ƙasa na tarar ruwan ma ba wani dogo ba ne, bai kai na bidiyoyin da ake yaɗawa ba, amma yana da ƙarfi kuma sanyi gare shi kamar na randa da asuba cikin hunturu.

Abin da ba ni mantawa wata tsohuwa ce, za ta yi sa'ar innata, 'yar ƙarama da ita, jikanta na riƙe da hannunta suna saukowa a hankali, bisa kanta kwando. Ta ajiye ɗan abin nan na ganyen kwakwa da suke ce ma canang sari, faɗinshi bai wuce tafin hannu ba, an zuba furanni kala-kala da 'yar shinkafa, ta kunna turare ta soka, ta zauna ta ɗauki fure tsakanin yatsu ta ɗaga hannu, bakinta na motsi. Sannan ta shiga ƙarƙashin ruwan da zaninta, ruwan na dukan kanta tana makyarkyata amma ba ta fito ba sai da ta ƙare abin da ya kawo ta. Da ta fito limaminsu, suna ce mishi pemangku, sanye da fari fat, ya yayyafa mata ruwa, ta tara hannu ta sha sau uku, ya manna mata ƙwayoyin shinkafa a goshi. Wankan gaba ɗaya sunanshi melukat, a wurinsu yana wanke baƙin ciki da ciwo da mugun abu da ya raɓi mutum. Ni ban yarda da abin da ta yarda da shi ba, amma na ga da gaske take, fuskarta irin ta wanda ya zo da damuwa ce, kuma sai na ji kunya ta kama ni saboda salula na hannuna ina shirin ɗaukarta, na maida ita aljihu.

Batun dole kuwa, babu wanda ya tilasta mini. Ɗan jagoranmu ya tambaye ni ko zan shiga, na ce mishi ni musulmi ne kallo kawai na zo, ya yi murmushi ya nuna mini wani dutse gefe na zauna. Sun saba da musulmi, maƙwabtansu ne, 'yan Jawa da Lombok cike suke da tsibirin. Abin da kawai sunka ce dole shi ne zani da ɗamara, namiji ko mace sai ka ɗaura kafin ka wuce ƙofa, ana ba da aro a bakin shiga. Ni na ɗaura bisa wandona.

Na Limanci:

Salamu alaikum. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka tafi, da yawa sai sun dawo suke tambaya. Ni ban je Bali ba, kuma ba fatawa zan ba ka ba, ka samu malaminka ka zauna da shi ka nuna mishi bidiyon nan. Amma ga abin da na fahimta.

Ruwa da dutse da kurmi halittar Allah ce, kallonsu da tunani a kan Wanda Ya yi su abu ne mai kyau. Inda iyaka take shi ne aikin ibadar. Wankan nan da Alhaji Mai Atamfa ya siffanta ba wankan zafi ba ne, ibada ce da niyyarta da limaminta da wanda ake roƙo, to kada wani ya ruɗe ka da cewa ai al'ada ce kawai ko ai don hoto ne. Kada ka shiga layinsu, kada ka ajiye furen, kada ka tara hannu a zuba maka ruwan, kada a manna maka shinkafa a goshi, kuma na ji ana ɗaura ma mutane wani zare mai kala uku a wuyan hannu, shi ma ka ce a'a cikin ladabi. Neman waraka ko tabarraki ga ruwa ko icce ba namu ba ne.

Ni in son samu ne ma, tunda an ce tsibirin cike yake da irin ruwayen nan, ka roƙi mai masaukinku ya kai ka wanda ba a yin bauta a cikinshi, hankalinka ya fi kwanciya. In kuma ka tsinci kanka a wurin, to ka kama bakinka. A Suratul An'am aya ta 108 an hana mu zagin abin da wasu ke bauta ma, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Dariya da yatsina fuska da ɗaukar bidiyo kana cewa ku zo ku ga arna, duk wannan bai dace da musulmi ba, balle baƙo da aka karrama. Ka tuna matar mai masaukinka danginta ke nan.

Ɗiyar Madarunfa:

Baba na Limanci ya gama magana, Allah Ya ƙara girma. Ni dai abu guda zan ƙara ma ƙanena don abin ya taɓa ni ta wani gefe. Mu a Madarunfa muna da tafki da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara daga nesa har daga Najeriya, kuma na san cikin zauren nan akwai waɗanda ba su yarda da ziyarar ba sam, ba gardamar nike son tadawa ba. Abin da nike son faɗi shi ne yadda mutum ke ji in baƙo ya zo wurin da kakanninshi ke girmamawa ya maida shi wurin wasa. Wata shekara ina gida wasu samari sunka zo da mota daga birni, sunka kunna kiɗa bakin ruwa, ɗaya ya hau bisa katangar wani kabari yana ɗaukar hoto da takalmi, sunka tashi sunka bar ledoji da gwangwanaye. Kakata tana zaune tana kallo ba ta ce musu uffan ba, amma da munka koma gida ba ta ci tuwo ba daren nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To haka su ma mutanen Bali, sun sha wahala da baƙi. A 2022 an kori wata baturiya 'yar Rasha daga ƙasar saboda ta tuɓe ta ɗauki hoto jikin wani tsohon icce da ke kusa da wurin bautarsu, kuma a 2023 gwamnansu Wayan Koster sai da ya fitar da takarda ta abin da baƙo zai yi da wanda ba zai yi ba, har da hana hawan itatuwa masu tsarki da shiga tsakiyar wurin bauta in ba ibada ta kawo ka ba. Kai dai kada a ce ga wani baƙin mutum daga Afirka ya zo ya yi kaza, don ba sunanka za su riƙe ba, mu duka za a shafa ma.

Kuma ga 'yan uwana mata masu karantawa, in mace tana al'ada ba ta shiga wuraren nan, a rubuce yake a ƙofa, ba kuma wanda zai bincike ki, amana ce tsakaninki da su. Mu ma ai mun san irin wannan.

Ɗalibin Ɗan Dikko:

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni labarin ƙasa nike karantawa nan jami'a, bari in sa baki ta fannin da na sani. Yaya Ɗan Bagalam ka kula da lokacin tafiyar sosai. Daminarsu ta saɓa da tamu, tana kamawa wajen Nuwamba zuwa Maris, rani kuma Afrilu zuwa Oktoba. Mu nan Maradi ruwan shekara duka wajen milimita 500 ne, su tsakiyar tsibirin yana haura 2000, kuma ƙasar tsaunuka ce masu aman wuta, dutsen Agung kaɗai ya wuce mita 3000, ya yi mummunan aman wuta a 1963 ya kuma tashi a 2017. Ruwa in ya sauka bisa tsauni gangarowa yake da gudu cikin kwazazzaban nan masu ƙunci, kana ƙasa rana na haske ba ka san an yi ruwa bisa ba sai ka ga ruwan ya rine ya koma ja yana ɗauke da ganye da karare. In ka ga haka fita kawai ka hau bisa, kada ka tsaya ɗaukar takalmi. Mun san yadda gulbi ke zuwa ba sallama in an yi ruwa wajen Jibiya, to wancan ya fi shi sauri nesa.

Wani abin da ya burge ni da su shi ne subak, tsarin rabon ruwan noma da sunka gada sama da shekara dubu. Manoman da ke shan ruwa daga ido guda ƙungiya guda ne, suna da wurin bautarsu na ruwa, nan ake zama a yanke ranar shuka da wanda za a sakar ma ruwa yau da wanda zai jira gobe. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Kenan ruwan da ka gani a bidiyo in ya wuce nan gonar wani zai shiga, wani kuma zai ɗiba ya kai gida don ibada, shi ya sa ba a sa sabulu ciki, ba a fitsari, ba a jefa leda. Ina ma a ce masu lambu na bakin gulbinmu suna da irin wanga zama na rabon ruwa.

In shawarar Malam na Limanci za ka bi ta zuwa inda ba a bauta, akwai Sekumpul can arewa cikin yankin Buleleng, dogaye ne ƙwarai wajen mita 80, amma saukar da hawan sai mai ƙarfin gwiwa. Akwai Tukad Cepung a yankin Bangli, shi cikin ruwa ake takawa tsakanin bangayen dutse har a iso, da hantsi hasken rana ke ratsowa ta bisa. Sai dai ko can za ka ga 'yan furannin nan an ajiye, a Bali babu inda babu su, har bakin shago da bisa moto.

Ɗan Bagalam:

Kai jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, wallahi kun sauke mini kaya. Baba na Limanci na ji kuma zan kai ma malaminmu bidiyon gobe bayan azahar in sha Allah. Yaya ta Madarunfa labarin kakarki ya shige ni, ni kaina na taɓa zuwa tafkin da abokai muna yara kuma ban san ko mun yi abin da ya ɓata ma wani rai ba, Allah Ya yafe muna.

Na yi magana da mai masaukin namu ɗazu, ya ce wurin na ƙauyen su matarshi ne kuma surukinshi ne ke son ya nuna muna, kun ga ƙin zuwa gaba ɗaya zai yi nauyi. Na gaya mishi ni zan tsaya gefe, ya ce shi ma haka yake yi shekara da shekaru kuma ba wanda ya taɓa ɗaure mishi fuska. Alhaji Mai Atamfa saura tambaya biyu, abinci fa? Na ji an ce alade suke ci sosai. Sannan salla, akwai masallatai kusa ko sai dai a ɗaki? Kuma in zan kai ma tsohon tsaraba mi ya dace, ba ni son in je hannu rabbana.

Mai Atamfa:

Madalla ƙanena, tunda surukin ne da kanshi ya kira ku ai ka samu babbar dama, mu da kuɗi munka biya ɗan jagora, kai da ɗan gari za ka shiga. Ka bi bayanshi kawai, inda ya tsaya ka tsaya, inda ya tuɓe takalmi ka tuɓe.

Abinci gaskiya ne ka yi hattara. Kalmar da za ka hardace ita ce babi, shi ne alade da harshensu, kuma babi guling gasasshen alade ne da suke ji da shi kamar yadda muke ji da balangu, duk inda ka ga an rubuta ka wuce. Ka nemi inda anka sa warung muslim, wato shagon abincin musulmi, ko gidajen abincin Padang, su mutanen Sumatra ne musulmi, shinkafa da naman sa da kifi da yaji mai kyau, bakinmu ya yi daidai da nasu. A gidan tsohon kuma ɗiyarshi na auren musulmi, sun san abin da ba ku ci, amma ba laifi ka tuna ma mai masaukinka tun a hanya.

Masallatai akwai su da yawa a Denpasar, har da tsofaffin unguwannin musulmi irin Kepaon, kuma filin jirgi akwai ɗakin salla, musholla suke ce mishi. Amma in kun hau wajen Ubud da ƙauyuka sun yi ƙaranci, ka tahi da dardumarka cikin jaka, kai matafiyi ne kana da sauƙin kasaru. Abin da zai ba ka mamaki alƙibla, mu nan gabas muke kallo, can yamma za ka fuskanta ka ɗan karkata arewa, ranar farko sai da na duba salula sau uku kafin zuciyata ta yarda. Kuma suna gabanmu da awa 7, in za ka kira gida ka lissafa kada ka tada inna tsakar dare.

Ka duba kalanda kada tafiyarku ta faɗa ranar Nyepi, sabuwar shekararsu, galibi cikin Maris take, awa 24 ba fita ba mota ba kunna wuta, filin jirgin ma rufe shi ake. Ranar cikar wata kuma wuraren wankan nan cika suke da masu ibada, in kallo ne ya kai ka gara wata rana da sassafe. Akwai harajin baƙi da sunka sa tun Fabrairun 2024, rupiya 150,000 kowane mutum, bai wuce jika shida namu ba, banda ɗan abin da za ka ba a ƙofar wurin, ka riƙe canji a hannu don ƙauye ne. Takalmi mai kama ƙasa za ka sa, silifa za ta kada kai. Salula cikin leda. Karnuka da birai kada ka yi wasa da su, akwai ciwon haukan kare a tsibirin, in ko ɗaya ya yaƙushe ka wanke da sabulu ka nufi likita nan take. In ka ga icce ko dutse an naɗe shi da ƙyalle mai gidan dara baƙi da fari, to mai tsarki ne a wurinsu, akwai wani babban icce mai saiwoyi na lilo kamar ceɗiyarmu da suke yawan naɗewa, kada ka jingina kada ka zauna bisa saiwar. 'Yan furannin da ke ƙasa ka duba gabanka ka kewaye su. Mai ibada kada ka gitta ta gabanshi, kada kuma ka tsaya bisa kan limaminsu in yana zaune, ka rusuna kamar yadda kake wuce dattawa a ƙofar gida. Ba da abu da karɓa duk da hannun dama, wannan kam tarbiyyarmu guda da su.

Tsaraba kuwa, kilishi ka bar shi don ana iya karɓe nama a filin jirgi, kuma wasunsu ba su cin naman sa. Ni dabino na kai ma wanda ya sauke ni da 'yar jakar fata ɗinkin gida, ya yi murna har ya kira matarshi ta gani. Atamfa kada ka kai, asalin zanen ma daga batik ɗin Jawa Turawan Holan sunka kwaikwayo shi, ka kai musu abin da babu can. In ka samu hula mai kyau ko takalmin fata na sakai ka haɗa ma tsohon, ka tambayi mai masaukinka lambar ƙafar tsohon tun yanzu.